Ba allon ne ya lalace ba, direban ne

Har yanzu raina a ɓace yake kan aikin da wata baiwar Allah ta kawo mini daga Pitoa. Tana da ɗan shagon magani, kuma duk lissafinta da sunayen waɗanda take bi bashi suna cikin wata ƙaramar kwamfuta mai guntun Allwinner, Linux ke kanta, batirin sola ke riƙe ta. Allon asali ya fashe, wani mai kiran kansa injiniya ya sa mata wani iri daban, ya kwaso direba daga intanet, ya taɓa nan ya taɓa can har hoto ya fito, ya karɓi kuɗinsa.

Daga nan na'ura ta daina barci. Allo a kashe, amma bayanta kamar an ɗauko ta daga kan murhu, kuma kun san Garwa a watan Afrilu, zafi ya haura 40. Bayan 'yan kwanaki sai allo ya yi baƙi ƙirin. Ta koma wurinsa, ya ce allo ne, ta sake saya. Ya ce batiri ne, ta sake saya. Da ta iso shagona a Yelwa ta kwance bakin zaninta, abin da ya rage bai kai kuɗin motar komawa ba. Ta ce, "Ɗana, ka ceto mini sunayen nan kawai."

Na buɗe clk_summary, jerin agogunan na'urar. Ƙidayar agogon allon tana hawa duk lokacin da aka farkar da na'urar, ba ta sauka ko sau ɗaya. Direban ya kira clk_prepare_enable wajen kunnawa, wajen kashewa babu clk_disable_unprepare. Saboda haka PLL ɗin da ke samar da agogon bai taɓa hutawa ba, dare da rana. Ƙwaƙwalwar da ake ware wa hoto ita ma ba ya mayarwa, har ta ƙare. Layi kaɗan ne gyaran. Allonta na biyu lafiyarsa ƙalau, batirin da ta jefar ma haka.

Abokan sana'a, abin da ka kunna ka kashe shi. Abin da ka karɓa ka mayar, na ƙarshe shi ne farkon saki. Ku duba hanyar kuskure a probe, can ake yawan mantawa, ballantana in EPROBE_DEFER ta sa an sake kira. Tun Linux 6.0, a 2022, akwai devm_clk_get_enabled, amma ba za ta kashe maka agogo lokacin barci ba, wannan aikinka ne. Kada a ƙaƙaba wa ƙaramin allo 148.5 MHz na 1080p don kawai an ga lambar a wani wuri.

Fitowar hoto ba ita ce gama aiki ba. Kashe, kunna, sake kashewa, ka taɓa bayan na'urar da hannunka. Na sake faɗa: abin da ka kunna ka kashe shi.

Ku kuma masu kaya, araha ba ta ado. Duk wanda ya ce ku sayi allo na biyu bai auna komai a gabanku ba, ku ɗauki kayanku ku fita. Kuma don Allah ku riƙa ajiye lissafinku a wuri biyu.