Karas Ba Jazar Ba: Abin da Suna da Launi Suka Adana na Tarihin Wata Saiwa

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi tarihin karas ta fuskar launinsa da sunansa da kuma da'awar cewa yana ƙara ƙarfin gani. An auna bayanan masana tsirrai da na tarihi da ma'aunin nazarin aron kalmomi, domin gano hanyar da wannan saiwa ta biyo zuwa ƙasar Hausa. An nuna cewa karas ya saɓa wa albasa da alkama da kanumfari, waɗanda suka ƙetaro Sahara tare da sunayensu na Larabci. Shi ta bakin teku ya shigo, a zamanin Turawa, bayan ya riga ya sauya kama.

1.0 Gabatarwa

Da zarar hunturu ya kankama, masu tura baro sukan cika bakin titunan Kano da Zariya da Jos da karas, an wanke shi tas ana yayyafa masa ruwa. Mai saye yakan tambayi kuɗi, wani lokaci ya taɓa ya ji ko ya yi yaushi, amma ba ya tambayar launi, domin a saninsa launi ɗaya karas yake da shi. Haka kuma an yi ittifaƙi a tsakanin iyaye da malaman makaranta cewa yana gyara ido. Waɗannan abubuwa biyu, da sunan da ake kiran sa da shi, duk suna da tarihi, kuma babu wanda ya kai tsufan da ake zato a cikinsu. Masu nazarin Hausa sun daɗe suna amfani da kalmomin aro a matsayin shaidar cuɗanyar al'ummu. Karas ya dace da irin wannan nazari, saboda shaidar da harshe ya bayar game da shi ana iya gwada ta da shaidar da ta fito daga gona da ɗakin gwaji.

2.0 Asali da Launin Farko

Sunan karas a kimiyyance *Daucus carota*. Na dawa, wanda har yau yake fitowa da kansa a Turai da yammacin Asiya, saiwarsa fara ce, siririya, mai ɗaci da tauri kamar itace. Danginsa sun haɗa da faski da seleri, har da tsiron nan mai dafi da aka shayar da Socrates a Atina a shekara ta 399 kafin Miladiyya.

Karas na gona, mai kauri da zaƙi, ya bayyana ne a tsakiyar Asiya, yankin Afganistan da Farisa, wajen ƙarni na 10. Launinsa biyu ne a lokacin: shunayya mai duhu da kuma rawaya. Daga can ya bi daulolin Musulunci zuwa yamma. Littafin girke-girke na Ibn Sayyar al-Warraƙ, wanda aka rubuta a Bagadaza a ƙarni na 10, ya ambace shi. A ƙarni na 12 kuma Ibn al-Awwam na Ishbiliya ya bayyana iri biyu a *Kitab al-Filaha*, ɗaya ja, ɗaya mai ɗaukar rawaya.

Wannan "ja" yana buƙatar taka-tsantsan, kuma Bahaushe ya fi kowa dacewa ya gane tarkon. A Hausa ana kiran mutum ja, ana kiran ƙasa ja, ana kiran man kwakwa manja, alhali babu ɗayansu da ya yi kama da jini. Kalmar launi a harshe ba ta tsaya kan iyakar da ido ya shata ba. Masana tarihin tsirrai sun fi karkata ga cewa jan da marubutan Larabci suke nufi shi ne mai ruwan shunayya. Duk wanda ya karanta "ja" a tsohon rubutu ya hango karas ɗin kan baro, to ya ɗora wa ƙarni na 12 abin da bai gani ba. Mai shunayyar bai ɓace ba. A Turkiyya da shi ake haɗa abin shan nan mai tsami da ake kira *şalgam* a yankin Adana, a arewacin Indiya kuma ana yin *kanji* da shi.

3.0 Ruwan Lemo da Tatsuniyar Gidan Sarauta

Labarin da ya fi yawo shi ne wai manoman Holan ne suka ƙirƙiro karas mai ruwan lemo domin girmama William na Orange, wanda ya jagoranci tawaye ga mulkin Sifen daga 1568 har aka kashe shi a 1584. Labarin yana da daɗin ji, amma babu wata takarda ta wancan zamani da ta goyi bayansa. Hatta alaƙar gidan sarautar da launin ma haɗuwar sauti ce kawai. Sunan gidan daga garin Orange na kudancin Faransa ya fito, wanda Rumawa suke kira Arausio. Sunan lemon kuwa daga Sanskrit ya taso, ya ratsa Farisanci da Larabci a matsayin *naranj* kafin ya isa Turai.

Abin da ya tabbata shi ne Holan ta taka rawa wajen tace irin. Masanin tsirrai Otto Banga, a ayyukansa na 1957 da 1963, ya bi wata hanya da za ta burge masu nazarin adabi: ya duba zane-zanen kasuwa da na ɗakin girki da masu zanen Holan suka yi a ƙarni na 16 da na 17, yana lura da lokacin da karas mai ruwan lemo ya fara bayyana a kan teburan da aka zana. Daga irin da aka tace a can, musamman wanda ya ɗauki sunan garin Hoorn, yawancin karas na yau ya samo asali. A 2023 wani bincike da aka buga a mujallar *Nature Plants*, wanda ya duba ƙwayoyin gado na samfurori 630, ya nuna cewa launin ya dogara ne ga ƙwayoyin gado uku, dukkansu masu rauni, wato sai tsiro ya gaje su ta ɓangarorin iyaye biyu kafin tasirinsu ya fito. Binciken ya ƙarfafa ra'ayin cewa a yammacin Turai aka zaɓo shi.

Dalilin da ya sa ya kori sauran ya fi kusa da tukunya fiye da fada. Launin shunayya yana narkewa a ruwa, ya mayar da miya baƙi-baƙi. Na ruwan lemo kuwa a mai yake narkewa, don haka ko an tafasa shi yana nan da kyan ganinsa.

Sinadarin da ke ba da wannan launi daga karas ya sami suna. Wani Bajamushe mai haɗa magunguna, Heinrich Wackenroder, ya tace shi daga saiwar a 1831, aka kira shi karotin. Karas ya sake shiga tarihin kimiyya a 1958, lokacin da F. C. Steward na Jami'ar Cornell ya raini cikakken tsiro, da saiwa da ganye da fure, daga ƙwayoyin halitta da ya ɗebo a jikin saiwar. A fagen doka kuma, Tarayyar Turai ta lissafa karas cikin 'ya'yan itace a dokarta ta 2001 kan abin da ya halatta a kira jam.

4.0 Dundumi da Farfagandar Yaƙi

Da'awar gyaran ido tana da tushe na gaskiya, sai dai an gina mata bene a kai. A wajen 1930 Thomas Moore ya nuna cewa jiki yana juya karotin ya zama bitamin A. George Wald, wanda ya sami kyautar Nobel a 1967, ya bayyana yadda ido yake amfani da wannan bitamin wajen gani a cikin duhu. Wanda ya rasa shi yakan fara da kasa gani da magariba. Hausa tana da kalma ta musamman ga wannan lalura, dundumi, kuma samuwar kalmar ta nuna an san cutar tun kafin a san bitamin.

Benen kuwa a Ingila aka gina shi. Daga ƙarshen 1940 matuƙan jiragen yaƙin Birtaniya suka fara kakkaɓo jiragen Jamus cikin dare, saboda an sanya musu na'urar radar a cikin jirage, abin da gwamnati take ɓoyewa. Jaridu suka yi wa fitaccen cikinsu, John Cunningham, laƙabi da mai idon kyanwa, aka kuma baza cewa cin karas ne sirrinsa. A daidai lokacin an taƙaita sukari tun Janairun 1940, karas kuma ya yi yawa a gonaki, ga birane ana kashe fitilu da dare. Ma'aikatar Abinci a ƙarƙashin Lord Woolton ta ƙirƙiro wani ɗan zane mai siffar karas riƙe da jakar likita, tana kwaɗaita wa jama'a cin sa. Da wuya a ce Jamusawa, waɗanda su ma suna da radar, sun ruɗu da wannan zance. Mutanen gida ne suka gaskata shi, suka kuma gadar wa duniya.

Iyakar gaskiyar ita ce karas yana maganin dundumin da ƙarancin bitamin A ya haifar. Ba ya ƙara wa mai lafiya gani, ba ya kuma raba mai tabarau da tabaransa. Jiki ya fi cin moriyarsa idan an dafa shi da ɗan mai, saɓanin yadda aka saba gaigayar sa ɗanye. Yawan cin sa kan sa tafin hannu da na ƙafa su yi rawaya, amma farin ido ba ya sauyawa, kuma da wannan likitoci suke bambanta shi da shawara. Wani abin lura ga mai nazarin abincin Hausawa shi ne manja ya ninka karas yawan karotin, ganyen zogale ma yana da rabonsa, amma babu ɗayansu da ya sami ma'aikatar da za ta zana shi da jakar likita.

5.0 Sunan a Bakin Bahaushe

Sunayen karas a duniya sun bi manyan hanyoyi biyu. Ta farko ta taso daga Farisanci *gazar*, wanda ya ba Larabci *jazar*, kuma danginsa ne *gajar* na Hindi da Urdu. A Andalus Larabawa sun yi amfani da wata kalmar, wadda ta haifi *zanahoria* na Sifaniyanci da *cenoura* na Fotugis, kuma har yau ana jin *sfennariya* a Tunisiya. Hanya ta biyu ta taso daga Girkanci *karoton*, ta shiga Latin, ta zama *carotte* a Faransanci, Ingilishi ya are ta a ƙarni na 16.

Bisa ga abin da aka sani na kayan lambu da na yaji, ta hanya ta farko ya kamata a tsammaci sunan a Hausa. Albasa da alkama da inabi da rumman da hulba da kirfa da kanumfari duk Larabci ne ya ba da su, biyun farko ma har da *al-* ɗinsu a manne. Karas ya shafe ƙarnoni ana noma shi a Magrib, inda ayarin fatake yake tasowa, amma babu wata kalma mai kama da *aljazar* da ta zauna a Hausa. Rashin kalma ba hujja ce yankakkiya ba, domin sabon suna yakan ture tsoho. Sai dai yanayin tsiron ya ƙarfafa zaton. Ɗanyar saiwa ba ta jure tafiyar watanni a rairayi yadda hatsi da busasshen yaji suke jurewa. Irin karas na Turai kuma sai ya sha sanyi mai tsanani kafin ya yi fure a shekararsa ta biyu, abin da ya sa har yau manoman rani galibi suke sayen irin da aka shigo da shi a gwangwani ko a takarda. Tsiron da manomi ba ya iya ajiye irinsa ba ya saurin zama ɗan gida.

Siffar kalmar ma tana da abin faɗa. Kalmomin Ingilishi masu ƙarewa da /t/ sukan sami wasali a ƙarshe idan sun shigo Hausa, kamar bokiti da tikiti da faranti da siminti. Da siffar tilo aka ara, da *karati* ko *karoti* za a sa ran ji. Samuwar /s/ ta nuna jam'in Ingilishi, *carrots*, kunnen Bahaushe ya kama, ya sauƙaƙa cunkoson /ts/ na ƙarshe, ya kuma ɗauki kalmar a matsayin tilo, namiji: karas ɗaya, karas ya yi tsada. Haka aka yi wa silifas. Wannan ya dace da yanayin da aka ari kalmar, wato bakin kuku da mai lambun Bature, inda ba a aiken mutum ya sayo saiwa guda. Mai yiwuwa ne kuma latas, abokin zamansa a lambu da faranti, wanda /s/ ɗinsa na asali ne, ya taimaka wajen zaunar da wannan siffa.

A Jamhuriyar Nijar, inda Faransanci ne ya ba da aron, ana jin *karoti*. Faransanci ba ya furta /s/ na jam'i, saboda haka tilo da jam'i sauti ɗaya suke da shi, mai ƙarewa da /t/, kuma ƙa'idar ƙarin wasali ta yi aikinta kamar yadda ta yi a bokiti. Tsakanin Katsina da Maraɗi tafiyar 'yan sa'o'i ce, karin harshensu kuma na kusa ne, amma saiwa ɗaya tana amsa suna biyu, kowane da tambarin ƙasar da ta yi mulkin mallaka a wannan ɓangare na iyaka.