Sassaben Zamani: Tsakanin Manomi da Ƙungiya

Ya kai manomi, idan bazara ta kama ka shiga gona sassabe, me kake yi da tohon da ke fitowa daga tsohon kututturen sabara ko kalgo? Yawancinmu sarewa muke yi, mu tara, mu cinna wuta. To, a saurara a ji abin da ya faru a ƙasar Maraɗi.

A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aiki a can tare da ƙungiyar SIM. Dashen itatuwa ya gagare shi: rana ta ƙone wasu, awaki su cinye saura. Sai ya lura tohon nan da muke rainawa itatuwa ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aikin kuwa ba wuya. Ka zaɓi rassa mafiya ƙarfi, kada su wuce biyar, ka sare sauran. Ka datse na gefe da wuƙa mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Mutanen Nijar suka sa wa wannan suna sassaben zamani.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Da yunwar 1984 ta zo, ƙungiyar ta riƙa ba da hatsi ga duk wanda ya bar itatuwa a gonarsa. Jama'a suka amsa. Da rabon ya ƙare, mafi yawan itatuwan nan gatari ya cinye su. Ni dai ban ga laifin manoman ba sosai. A wancan zamani icce na gwamnati ne. Ka rene shi a gonarka, ranar da ka sari reshe malamin daji ya ci ka tara. Wa zai yi kiwon akuyar da ba shi da ikon yankawa?

Abin ya kafu ne sa'ad da aka sassauta dokar daji, manoma suka tabbata abin da suka rena nasu ne. A ƙauyen Ɗan Saga, cikin yankin Agiye, mutane suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, suka sa mata da Fulani makiyaya a ciki, suka yanka tara ga mai saran dare. Masu bincike sun ƙiyasta an farfaɗo da kusan kadada miliyan 5 a kudancin Nijar, itatuwa wajen miliyan 200.

Saboda haka idan wata ƙungiya ta sauka garinku da maganar daji, ku shimfiɗa mata tabarma, musamman ta 'yan gida, waɗanda suka san gonar wane da burtalin wane. Sai dai kafin a yi maganar alawus, ku tambaya a gaban mai gari: iccen nan na wa zai zama? Wa zai hukunta ɓarawonsa bayan motarsu ta tafi? Ku nemi su koya muku datsa, su raka ku wurin malaman daji a rubuta yarjejeniya, su kuma ɗauki wasunku su je su ga gonar da gawo ya cika. Shi gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tsare wa gero rana, da rani kuma 'ya'yansa ne abincin tumaki.