Bijirewar Jiki ga Insulin a Ƙandarewar Hanta: Yadda Furotin na Jini Ke Iya Ruɗar da Mai Gwaji a Yankin Magami

Tsakure

Maƙalar ta duba alaƙar ƙandarewar hanta, wadda likitoci ke kira sirosis, da bijirewar jiki ga insulin, tare da nazarin wasu nau'o'in furotin na jini da ake dogaro da su wajen gano wannan bijirewa. Ta nuna cewa da yawa daga cikinsu hanta ce ke samar da su ko fitar da su daga jiki, don haka ma'anarsu kan sauya idan hantar ta lalace. An yi la'akari da yanayin majinyacin da ke fitowa daga Magami da ƙauyukan Gusau, Tsafe da Bunguɗu.

1.0 Gabatarwa

Sirosis shi ne matakin da tabo ke mamaye naman hanta bayan shekaru ana yi mata illa, har ta taurare, jini ya kasa ratsa ta yadda ya kamata. A ƙasar Hausa babban musabbabinsa shi ne ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na NAIIS na shekarar 2018 ya gano ƙwayar cutar a jikin kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64, nau'in C kuwa kashi 1.1. Allurar riga-kafin nau'in B ba ta shiga jerin alluran yara na ƙasa ba sai 2004, ke nan akasarin magidantan da ke noma a Magami a yau ba su same ta suna jarirai ba. Ga kuma gubar afalatoksin da ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu, wadda idan ta haɗu da nau'in B takan ninka haɗarin sankarar hanta.

Tun a 1906 likitan Jamus Bernhard Naunyn ya bayyana wani nau'in ciwon sukari da ke tasowa daga ciwon hanta. Kimanin ɗaya cikin uku na masu sirosis na da ciwon sukari sosai, mafi yawan sauran kuma jikinsu ba ya sarrafa sukari daidai.

2.0 Yadda Bijirewar Ke Faruwa

Insulin na fitowa daga fankiriyas, ya bi jijiyar da ke kai jinin hanji zuwa hanta. Lafiyayyar hanta kan kawar da kusan rabinsa tun a wucewar farko. Idan ta ƙandare, ƙwayoyinta sun ragu, jinin kuma ya buɗe wasu hanyoyi na kewaye, sai insulin ya kwarara cikin jiki fiye da kima. Sassan jikin da suka daɗe cikin yawan insulin kan rage amsa masa.

Abu na biyu shi ne tsoka. Ita ce ke ɗauke mafi yawan sukarin da insulin ke turawa bayan cin abinci, mai sirosis kuwa tsokarsa zubewa take yi. Wannan ne ya sa siffar majinyacin ta saɓa da wadda aka saba gani ga mai ciwon sukari. Ba mai ƙiba ba ne. Ramamme ne, hannuwa sun zama sirara, ciki ya tara ruwa. Ma'aikacin lafiyar da ke jiran ganin teɓa kafin ya yi zargin sukari zai bar shi ya wuce.

3.0 Furotin na Jini da Sauyin Ma'anarsu

3.1 Albumin

Hanta kaɗai ke samar da albumin, kimanin giram 10 zuwa 15 a kullum, kuma yawansa a jinin mai lafiya na tsakanin giram 3.5 zuwa 5.0 a kowace desilita. Yana cikin abubuwa biyar na ma'aunin Child-Pugh, wanda Child da Turcotte suka kafa a 1964, Pugh da abokan aikinsa suka gyara a 1973. Ƙasa da 2.8 na nuna mataki mafi tsanani. Albumin ba ya auna bijirewa ga insulin kai tsaye. Amfaninsa shi ne ya faɗa wa likita ko sauran gwaje-gwajen abin yarda ne. Sai dai a kula: ƙarancin abinci da ciwon ƙoda su ma kan saukar da shi, musamman a watannin damina da rumbuna suka yi ƙasa.

3.2 Alamomin da Ke Juyewa

A nan ne ruɗanin ya fi yawa. Adifonektin furotin ne da kitse ke fitarwa, kuma a jikin mai ƙiba ƙarancinsa na nuna bijirewa ga insulin. A sirosis yakan hau sama, domin hantar da ke fitar da shi ta hanyar ruwan matsarmama ta gaza, alhali bijirewar na nan daram. RBP4, furotin da ke ɗaukar bitamin A, an danganta hauhawarsa da bijirewa ga insulin a wani bincike na ɗakin gwajin Barbara Kahn a Amurka a 2005. Amma da yake hanta ce babbar mai samar da shi, a sirosis faɗuwa yake yi. Haka SHBG, wanda ke raguwa a jikin mai bijirewa, kan ƙaru a sirosis. Wanda ya karanta waɗannan sakamako da ma'aunin mai lafiyayyar hanta zai yanke hukuncin cewa majinyacin lafiya lau yake.

3.3 HOMA-IR da C-peptide

Matthews da abokan aikinsa na Jami'ar Oxford ne suka gabatar da HOMA-IR a 1985. Ana ninka sukarin jini na kafin karin kumallo da adadin insulin, a raba da 22.5. Misali, sukari 5.0 da insulin 18 za su ba da 4.0, adadi mai yawa duk da cewa sukarin daidai yake. Matsalar ita ce a sirosis ba a iya rarrabe ko insulin ya yi yawa ne don jiki ya bijire, ko don hanta ta kasa kawar da shi. C-peptide, wanda ke fita tare da insulin daidai wa daida amma ƙoda ce ke kawar da shi, ya fi nuna ainihin aikin fankiriyas, muddin ƙodar na aiki.

3.4 HbA1c

Wannan gwaji na dogaro ne da cewa jan ƙwayar jini na rayuwa kusan kwana 120. A sirosis saifa kan kumbura ta riƙa lalata ƙwayoyin da wuri, ga zubar jini daga jijiyoyin maƙoshi, ga ƙarin jini da ake yi wa majinyaci. Sakamakon sai ya fito ƙasa da gaskiya. Cutar sikila, wadda ba baƙuwa ba ce a Zamfara, na ƙara dagula lissafin.

4.0 Abin da Ya Dace da Majinyacin Magami

Magami na kudu da Gusau, a kan hanyar Ɗansadau, hanyar da matsalar tsaro ta sa ba kullum ake binta cikin kwanciyar hankali ba. Majinyacin da ya isa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau ba lallai ya iya dawowa mako mai zuwa ba. Gwajin adifonektin da RBP4 kayan bincike ne masu tsada, kuma ko an same su ba za su warware masa komai ba.

Gwajin sukari na safe kaɗai ma bai wadatar ba, domin hantar da ta ƙandare ba ta da isasshen sukarin ajiya da za ta saki cikin dare, don haka sakamakon kan fito daidai ko ƙasa. Abin da ya fi dacewa shi ne a ba majinyaci giram 75 na gulukos a ruwa, a auna jininsa bayan awa biyu. Daga 7.8 zuwa 11.0 na nuna rauni wajen sarrafa sukari, 11.1 zuwa sama kuwa ciwon sukari ne. Ana iya kammala wannan a wuni ɗaya, a haɗa da albumin da gwajin daskarewar jini.

Sanin sakamakon na da tasiri a kan abinci. Al'ada ce a wurare da dama a ɗura wa mai shawara rake da ruwan gulukos, a kuma hana shi nama da ƙwai. Ga mai sirosis wannan ya saɓa wa buƙatarsa: ƙa'idojin Ƙungiyar Nazarin Hanta ta Turai na 2019 sun ba da shawarar furotin giram 1.2 zuwa 1.5 ga kowane kilo na nauyin jiki a kullum, wato giram 60 zuwa 75 ga mai kilo 50. Wake, waken suya, nono da ƙwai duk ana samun su a kasuwannin yankin. Ana kuma so ya ci wani abu kafin ya kwanta, domin kwana ɗaya ba ci a jikinsa kan yi kama da yunwar kwana biyu zuwa uku a jikin mai lafiya. Saboda haka batun azumin Ramadan ga wanda cikinsa ya fara tara ruwa abu ne da ya kamata ya tattauna da likita tun kafin watan ya kama.

Magani ma na buƙatar taka-tsantsan. Gilibenkilamaid, da ake samu cikin sauƙi a shagunan magani, na iya saukar da sukarin mai sirosis har ya suma, kuma 'yan uwa na iya ɗaukar suman a matsayin gushewar hankali irin ta ciwon hanta. Metfomin kuwa ana kauce masa idan hantar ta kai matakin gazawa. A wannan mataki insulin ake komawa gare shi, a fara da kaɗan, shi kuma yana buƙatar wurin ajiya mai sanyi da na'urar auna sukari a gida, abubuwan da ya wajaba a tambayi majinyacin ƙauye ko yana da su kafin a sallame shi.