Darasi: Yadda Ake Cire Fulin Injin Mota In Ya Maƙale

'Yan'uwa, a ƙauyuka da yawa mota ɗaya ce take kai hatsi kasuwa, ita ce kuma take ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti da dare. In ta kwanta, kowa ya ji a jikinsa. A zagayen da muke yi mun sha tarar da mota a kan duwatsu wata da watanni, alhali ɗan yoyon baƙin mai ne kawai ya fara damunta. Wajen gyara ne aka fasa fuli da guduma, ƙaramin aiki ya zama babba. Don haka ya kamata direbobi da 'yan kwamitin mota su san wannan aiki, ko da makaniki ne zai yi shi.

Mene ne fuli?

Shi ne faifan ƙarfen da ke ƙasa a gaban inji, a bakin kiranshaf. Fambel yana zagaye shi, shi ne ke juya altaneta mai cajin batir. Sai an cire shi kafin a canja sil ɗin da ke tare baƙin mai a gaban inji. Abu biyu ke riƙe shi: babban noti na tsakiya, da tsatsar da ta manne shi.

Aiki na farko: kwance noti

1. A bar inji ya huce, a cire wayar batir ta nigatif. In an ɗaga mota, a tokare ta da katako mai kauri. Kada a dogara ga jak kaɗai.
2. A sassauta fambel a cire shi.
3. A hana inji juyawa. A motar giyar hannu, a sa giya mafi girma, mutum ɗaya ya taka birki sosai.
4. A sa soket daidai da kan notin, a ƙara wa hannunsa tsawo da bututun ƙarfe. A yawancin motoci hagu ake juyawa. A ja a hankali, ban da fizga.

Waɗansu sukan tokare sifana su buga kik don notin ya kwance. Kada mu yi haka. Sifana tana iya tsalle ta karya hannu ko ta huda lagireto.

Aiki na biyu: zare fuli

Nan ne aka fi yin ɓarna. A zuba man kwance tsatsa ko kananzir a tsakiyar fulin, a bar shi ya jiƙa, in da hali ya kwana. Sai a nemo ƙarfen janyowa, wanda makanikai ke kira fula. A mai da notin tsakiya ya shiga kaɗan, domin fula ta taka kansa, kada ta lalata zaren kiranshaf. A ɗaure kaɗan kaɗan, ana duba ko fulin yana fitowa a miƙe.

Mu lura: fuli da yawa suna da zoben roba tsakanin ciki da baki, wanda ke rage girgizar inji. In aka kama bakin waje aka ja, robar za ta yage, sai sayen sabo. Irin wannan ana jansa ta ramukan noti da ke cikinsa. Kada a gasa shi da wuta: roba da sil za su ƙone, ga kuma fetur kusa. Dukan guduma kuwa yana ratsawa har cikin inji.

Bayan ya fito

Akwai ɗan ƙarfe kamar rabin wata da ke hana fuli zamewa. A adana shi. A goge tsatsa da sanfefa mai laushi, a shafa mai kaɗan, a ɗaure notin da ƙarfin da littafin motar ya faɗa. Waɗansu injuna na zamani ba su da wannan ɗan ƙarfe, kwance notin yana ɓata taimin. Waɗannan a kai su wurin gwani.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wa yake da fula a yankinmu da za mu iya ara?
2. Kwamitinmu yana ware kuɗin gyara daga abin da motar ke samowa?
3. Wa zai tsaya a wurin ranar da makaniki zai yi aikin?