Ba inji ne ya yaye rufin nan ba

A farkon daminar bana iska ta yaye rufin wani sabon gida a nan Meiganga, gidan da ko shekara bai cika ba. Mai gidan ya sayi dogon kwanon alminiyom, irin wanda inji ke naɗewa ya yanka daidai awo, aka ɗoro masa shi tun daga Duwala. Kwanon ba shi da laifi ko kaɗan. Da aka zo ɗorawa sai ya ga kuɗin maƙeri ya yi masa yawa, ya kira wasu samari biyu da suka taɓa riƙe wa kafinta tsani. Suka buga kusar ƙarfe zalla a cikin kwari maimakon kan tudu, ba roba a wuyanta. Suka nisanta katakon ƙasa don a rage kuɗi, suka bar bakin rufi ba ɗauri, suka danne tulluwa da ɗanyen siminti. Ruwan farko ya zubo ta kowace kusa. Da iska ta samu ƙofa ta baki, ta ɗaga rabin rufin ta jefa gidan maƙwabta, daf da ɗakin da yara ke kwana. Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar da ta biyo baya a majalisa: wai tunda inji ke yin kwano, sana'armu ta maƙera ta mutu, kowa ma zai iya ɗorawa.

Wannan tsoro yana da tushe. A 2013 masana biyu na Jami'ar Oxford, Carl Frey da Michael Osborne, suka auna sana'o'i 702, suka ce yiwuwar inji ya karɓe aikin masu sarrafa kwano ta kai kashi 82 cikin 100. Amma lissafin nan na Amurka ne, inda ake yanka bututun iskar sanyi iri ɗaya dubbai a masana'anta. Kuma a can ɗin ma, bayan fiye da shekara goma, masu wannan sana'a sun haura dubu ɗari. Inji gwani ne a yanka miƙaƙƙen layi da maimaita lanƙwasa ɗaya sau dubu. Ba ya hawa ginin da magini ya karkata kusurwarsa, ba ya sanin ta ina iska ke bugowa a unguwa, ba ya gyara indararon da ya ƙi zubar da ruwa.

Wani zai ce ai inji ya riga ya ci mu. Gaskiya ne, ya ci wani ɓangare. Bokitin kwano da baho roba ta kore su daga kasuwa. Tun 1957 kamfanin Alucam ke narka alminiyom a Edeya, a can kuma ake murza shi ya zama falle, ba mai sake yin tudun kwano da hannu. Injin da kwamfuta ke tuƙawa yana zana adon ƙofar ƙarfe cikin minti kaɗan, kuma tunda aka shimfiɗa kwalta daga Garwa-Bulai zuwa Ngaundare, kayan kudu na iso mu da wuri. Duk wanda abin da ya iya shi ne buga abu ɗaya kullum, lalle ya ji tsoro. Amma tankin ruwa da ya fashe, bodin motar shanu, mazurarin injin niƙa, murhu, kwamin wanke ƙasar zinariya, duk aiki ne na awo ɗaya-ɗaya. Injin kansa sai an ba shi awo, kuma sai da tsayayyar wuta, wadda duk ɗan arewa ya san yadda take idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya.

Wani kuma zai ce yaro ya fi samun kuɗi da wuri a kan babur ko a ramin zinariya na Kombo-Laka. Wannan kuɗi na yau ne kawai. Iyaye na cire yara daga maƙera bayan wata shida, sun iya riƙe guduma, ba su iya awo ba, su ne gobe ake kira su lalata rufin mutane da araha. Ku bar yaro ya gama. Ya iya lissafin kusurwa, ya iya karanta zanen gini, ya taɓa kwamfuta, domin shi ne zai ba inji umarni.

Masu gida kuma, ku tambayi kaurin kwano, a auna a gabanku. Ana sayar da mai kaurin 3/10 na milimita da sunan 5/10. Kada a haɗa kusar ƙarfe da alminiyom, haɗuwarsu na cinye alminiyom ɗin. Kada siminti ya taɓa shi. Masu walda, ku daina ƙona kwano mai tutiya a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa na kwantar da mutum da zazzaɓi. Tabarau kafin yanka. Na sake faɗa: kusa mai roba, a kan tudu.

Inji ya yi nasa daidai. Rowa da ɗan koyon da bai gama ba su suka yaye rufin nan. Wanda ya iya awo ba zai rasa aiki ba, in sha Allahu.