Yadda Ake Mayar da Jerin Hotuna Su Zama Bidiyo

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shuka wake ya san yana tsirowa, amma ba wanda ya taɓa ganin tsirowar da idonsa. Manomi ya bar ƙasa a shafe da yamma, ya dawo da safe ya tarar tsiro ya leƙo. Motsin yana nan, sai dai ya yi wa ido nawa ƙwarai. Haka kuma akwai motsin da ya yi wa ido sauri, kamar kaɗawar fiffiken tsuntsu. Dabarar da masana kimiyyar halittu suke bi su ga waɗannan abubuwa biyu ɗaya ce, wato a ɗauki hotuna bi da bi, sa'an nan a nuna su a jere da saurin da ido zai iya bi.

Dalilin da ya sa ido yake ganin motsi

Babu hoton da yake motsi a cikin bidiyo. Abin da ke ciki jerin sandararrun hotuna ne, kowane ya ɗan bambanta da na gabansa. Idan aka nuna biyu ko uku a daƙiƙa ɗaya, mai kallo zai gan su ɗaya bayan ɗaya. Da zarar sun haura goma zuwa goma sha biyu, sai ƙwaƙwalwa ta fara cike giɓin da ke tsakaninsu, ta ɗauka abu ɗaya ne yake tafiya. Max Wertheimer, masanin halayyar ɗan Adam, ya wallafa nazari a kan wannan a 1912. Silima ta tsaya a kan hotuna 24 a daƙiƙa, talabijin a Nijeriya da yawancin Turai 25, a Amurka kuwa kusan 30.

Asalin dabarar

Tambaya a kan dabba ce ta haifar da wannan fasaha: shin doki mai sukuwa yakan ɗauke ƙafafunsa huɗu daga ƙasa a lokaci guda? A 1878, a Kalifoniya, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwar Leland Stanford, kowace ta ɗauki hoto yayin da dokin ya gifta ta gabanta. Hotunan sun nuna lallai yakan ɗauke su, amma a lokacin da ya tattaro su ƙarƙashin cikinsa, ba lokacin da ya miƙe su ba kamar yadda masu zane suka saba nunawa. A 1882 Étienne-Jules Marey na Faransa, masanin aikin gaɓoɓin jiki, ya ƙera kyamara mai siffar bindiga wadda take ɗaukar hotuna 12 a daƙiƙa, don nazarin tashin tsuntsaye.

Lissafi kafin ɗauka

A ɗauki misalin ɗalibin da yake son nuna tsirowar wake cikin kwana 5. Idan ya ɗauki hoto ɗaya kowane minti 10, zai sami 6 a awa, 144 a kwana, wato 720 gaba ɗaya. In aka nuna 24 a daƙiƙa, bidiyon zai ɗauki daƙiƙa 30 ke nan. Da ya ɗauki ɗaya a awa, hotuna 120 zai samu, bidiyon ya ƙare cikin daƙiƙa 5, tsiron kuma yana tsalle-tsalle. Saboda haka tsawon bidiyon da ake bukata shi ne yake yanke tazarar ɗauka.

Tilas ne a kafe kyamara a kan maɗori, a haska wurin da fitila ɗaya dare da rana, a kuma hana kyamarar sauya haske da kanta. In ba haka ba, bidiyon zai riƙa walƙiya. A shuka ƙwayar a jikin gilashi domin saiwa ta bayyana.

Haɗa hotunan

Mataki na farko shi ne lambobi. A sa wa hotunan suna 0001, 0002, har zuwa 0720. Waɗannan sifilai suna da amfani, domin manhajoji da dama suna jera suna harafi bayan harafi, sai 10 ta riga 2, a ga ganye ya fito kafin saiwa. Na biyu, dukkan hotunan su zama girma ɗaya, kuma faɗi da tsawo su kasance lambobin da biyu take rabawa, don tsarin matsewa da aka fi amfani da shi yana bukatar haka. Na uku, a gaya wa manhajar abu uku: tsarin sunayen, yawan hotuna a daƙiƙa, da sunan fayil ɗin da za ta fitar. FFmpeg, manhajar kyauta da Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000, tana yin wannan da layi ɗaya na umarni.

Me ya sa ake matsewa? Hoto mai ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye, in ba a matse shi ba, ya haura megabait 6. Guda 720 sun kusa gigabait 4 da rabi, don kallon rabin minti kawai. Amma gilashi da ƙasa da bango ba su sauyawa daga hoto zuwa hoto. Don haka tsarin H.264, wanda aka tabbatar a 2003, yakan adana cikakken hoto jefi-jefi, a tsakani kuwa bambancin kaɗai yake rubutawa. Sai a zuba sakamakon a fayil irin na MP4. Matsewa tana zubar da wasu bayanai, saboda haka awon tsawon saiwa a kan hotunan asali ake yin sa, kuma ba a share su.

Kammalawa

Wanda ya bi waɗannan matakai zai ga saiwa ta fara fasa ɓawo ta nufi ƙasa, kara ya lanƙwaso ya jawo ɓarin ƙwayar biyu zuwa sama, kan tsiron kuma yana kewayawa a hankali, motsin da Charles Darwin da ɗansa Francis suka bayyana a 1880 ta hanyar ɗiga alamomi a kan gilashi. Abu ɗaya ya rage: a rubuta tazarar ɗauka a jikin bidiyon. A misalin nan, daƙiƙa ɗaya ta kallo awa 4 ce a rayuwar waken, kuma mai kallon da bai san haka ba zai ga motsi, amma ba zai iya auna shi ba.