Kafin ka ɗinka wa kujerar motarka riga

Sana'ata ɗinkin kujerun mota, kuma ƙananan motocin nan masu gudu, irin su BMW 3 Series da Lexus IS 250, suna yawan shigowa shagona. Matashi ya sayi 'yar Kwatano, washegari sai ga shi yana neman a sa wa kujeru riga don kada fata ta tsage. Niyyar tana da kyau. Sai dai akwai abin da nake so 'yan'uwa su sani.

Babu abin da aka yi don ado kawai a jikin irin wannan mota. Bonet dogo ne saboda injin kwance yake daga gaba zuwa baya, yana tura ƙarfi zuwa tayoyin baya. Tudun nan da ke takura ƙafar wanda ya zauna a tsakiyar kujerar baya, furofela ce ta bi ta ƙarƙashinsa. Tun 1975 da 3 Series ta fito, aka karkato tsakiyar dashbod wajen direba don hannunsa ya kai ko'ina ba tare da ya miƙa ba. Kumburin gefen kujera kuwa, shi ke riƙe haƙarƙarinka idan ka sha kwana da gudu.

A cikin wannan kumburin maganata take. Samfurin da aka ƙera daga 2005, na BMW da na Lexus duka, a nan aka ɓoye jakar iska mai kare ƙirji idan an bugi motar ta gefe. Duba gefen da ke kallon ƙofa, za ka ga an rubuta AIRBAG. Da gangan aka yi ɗinkin wurin yadda zai farke da zarar jakar ta taso, cikin ƙasa da ƙiftawar ido. To idan na lulluɓe shi da leda mai kauri, na bi da zaren nailan layi biyu, ta ina za ta fito? Ko ta maƙale, ko ta ɓulle ta inda ba a nufa ba.

Haka shimfiɗar gashi da kwalaben turare da ake jerawa a kan dashbod ta ɓangaren fasinja. Akwai wata jakar a ƙarƙashi, kuma duk abin da ke samanta fuskar mutum zai nufa.

Wallahi na gwammace ciniki ya wuce ni da in rufe wannan ɗinki. Idan zafin rana kake tsoro, ka sa makari a gilashin gaba, ka riƙa shafa wa fatar mai. Idan kuma sai rigar, ka ce wa mai ɗinki ya bar gefen ƙofa a buɗe, ka tsaya ka gani da idonka kafin ka biya.